Inuwar Tsakar Gida: Me Ya Sa Ilimin Yara Ƙanana Ke Tangal-tangal a Ƙauyukan Indiya?

Da zarar an ɗauko zancen ilimin yara ƙanana a ƙauyukan talakawa, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne rashin gini: babu makaranta, babu aji, babu benci. Saboda haka sai a ɗauka cewa ranar da aka kafa tubali aka rufa kwano, magana ta ƙare. Halin da ake ciki a Indiya ya nuna cewa wannan fahimtar ta tsaya a rabin hanya. Ƙasar tana da cibiyoyin renon yara na gwamnati kusan miliyan 1.4, akasarinsu a karkara, kuma babu wata ƙasa a duniya mai shiri irin wannan da ya kai nata girma. Amma rahoton ASER na 2024, wanda ƙungiyar Pratham ke fitarwa bayan bin ƙauyuka gida-gida tana gwada karatun yara, ya gano cewa a cikin 'yan aji uku na makarantun gwamnati, waɗanda ke iya karanta rubutun aji biyu ba su kai ɗaya cikin huɗu ba.

Ga ɗaki, ga yara a ciki, ga sunayensu a rajista. To, ina gizo ke saƙar?

Kalmomin da ke rikitar da mutane

Ilimin yara ƙanana yana nufin duk abin da ake yi da gangan don buɗe hankalin yaro, harshensa, motsin gaɓoɓinsa da iya zamansa da mutane, tun daga haihuwa har zuwa shekarun farko na firamare. A Indiya, idan ana maganar sashen da ya shafi zama a aji, ana nufin 'yan shekara 3 zuwa 6. Ba firamare ba ce da aka ƙanƙanta. Abin da masana ke nema a wannan mataki shi ne yaro ya iya sauraron tatsuniya ya maimaita ta da bakinsa, ya jera tsakuwa daga ƙarama zuwa babba, ya ware jan wake daga fari, ya jira layinsa ya zo, ya yi tambaya ba tare da tsoro ba. A kan waɗannan ne karatu da lissafi suke zama daga baya.

Anganwadi kalmar Hindi ce. Angan shi ne tsakar gida, kalmar gaba ɗaya kuma tana ba da ma'anar mafaka ko inuwa ta tsakar gida. Ita ce sunan cibiyar renon da ke ƙauye, kuma da ita ake kiran matar da ke gudanar da ita, wato ma'aikaciyar anganwadi. Balvatika kuwa, wato lambun yara, shi ne sunan da aka raɗa wa ajin share fage da ake buɗewa kafin aji ɗaya.

Sai tsumburewa. Ita ce yaro ya gaza tsayin da ya kamaci shekarunsa saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cututtuka. Ta bambanta da ramar da ke zuwa farat ɗaya bayan jinya ko yunwa. Dalilin shigowarta zancen ilimi shi ne, abin da ya tauye tsayin jiki sau da yawa yana tauye bunƙasar ƙwaƙwalwa.

Daga ina shirin ya samo asali

Tunanin kai makaranta tsakar gida ya girmi shirin gwamnati. Tarabai Modak, wadda ta yi aiki da Gijubhai Badheka wajen daidaita hanyar koyarwa ta Maria Montessori da yanayin Indiya, ta buɗe cibiyar koyar da yaran ƙauye a Bordi a 1945, daga baya aikin ya koma Kosbad, a jihar Maharashtra ta yanzu. Ita da abokiyar aikinta Anutai Wagh sun lura cewa 'ya'yan ƙabilar Warli ba sa zuwa aji, domin suna renon ƙannensu ko suna kiwo. Maimakon su zauna jiran yara, sai suka ɗauki kayan koyarwa, yawanci ganye da 'ya'yan itatuwa da tsakuwa, suka bi su har ƙofar gida.

A ranar 2 ga Oktoban 1975, ranar tunawa da haihuwar Mahatma Gandhi, gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin haɗaɗɗen kula da yara da ake kira ICDS a taƙaice, wanda cibiyoyin anganwadi ke ƙarƙashinsa. An fara shi a yankuna 33 kacal. Abin da ya mayar da shi na ƙasa baki ɗaya ba kyautar 'yan siyasa ba ce, ƙara ce. A shari'ar 'yancin samun abinci da aka shigar a 2001, Kotun Ƙoli ta yi ta ba da umarni, har a Disamban 2006 ta ce a kai yawan cibiyoyin miliyan 1.4. Dokar wadata ƙasa da abinci ta 2013 ta mayar da ciyarwar cibiyoyin hakki na doka.

A nan akwai abin lura da ya shafi duk sauran bayanin. Kotu da doka sun tsaya wa abinci, ba su tsaya wa koyarwa haka ba. Dokar 'yancin ilimi ta 2009 ta wajabta ilimi kyauta ne daga shekara 6 zuwa 14. Ɗan shekara huɗu yana da hakkin cin abincin rana a cibiya, amma koyar da shi ya tsaya a matsayin abin da tsarin mulki ya ce gwamnati ta yi ƙoƙari a kai. Abin da za a iya kai ka kotu a kansa kuwa shi kake fara yi da safe.

Mace ɗaya, ayyuka shida

A takarda, kowace cibiya tana hidima ga mutum 400 zuwa 800, kuma ayyukanta shida ne: ba da ƙarin abinci, koyar da 'yan shekara 3 zuwa 6, wayar da kan iyaye mata kan lafiya da abinci, rigakafi, duba lafiya, da tura marasa lafiya asibiti. Uku na ƙarshe ana yin su ne tare da ma'aikatan lafiya, amma tara mutane da rubuta sakamako duk yana wuyan ma'aikaciyar. Tana da mataimakiya ɗaya, wadda aikinta girki ne da shara da ɗebo ruwa da zuwa kiran yara daga gidaje.

A duba yadda yininta ke tafiya. Za ta auna nauyin yara da tsayinsu. Za ta raba garin abinci ga masu juna biyu da masu shayarwa da jarirai 'yan ƙasa da shekara uku. Za ta ziyarci gidan mai jego. Za ta cike rajista, waɗanda a da suka kai 11 na takarda, yanzu kuma tun 2021 akwai manhajar waya mai suna Poshan Tracker da ake shigar da bayanai a ciki, a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A wurare da dama ba a daina rajistar takarda ba, sai aikin ya zama biyu. Bayan wannan, duk lokacin da gwamnati ke neman wanda ya san kowane gida a ƙauye, ita ake tunawa: gyaran rajistar masu zaɓe, zagayen allurar shan inna, ƙidayar gidaje a lokacin korona. Idan mai duba aiki ya zo, rajista yake buɗewa da buhunan abinci. Ba kasafai yake zama ya ji ko an yi wa yara tatsuniya ba.

Sakamakon haka an auna shi. Wani bincike da masana tattalin arziki Alejandro Ganimian, Karthik Muralidharan da Christopher Walters suka yi a cibiyoyi 320 na jihar Tamil Nadu ya nuna cewa lokacin da ake ba koyarwa a yini bai kai minti 40 ba, alhali jadawali ya ware sa'a biyu. Kuma Tamil Nadu tana cikin jihohin da ake buga misali da su wajen tafiyar da shirin. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Sai batun matsayinta. A idon doka ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, 'yar sa-kai ce da ake ba alawus. Tun Oktoban 2018 adadin da gwamnatin tarayya ta tsayar shi ne rupi 4,500 a wata ga ma'aikaciya, 2,250 ga mataimakiya, sai abin da kowace jiha ta ga dama ta ƙara. Wannan ya sa mata biyu masu aiki iri ɗaya a jihohi maƙwabta suke karɓar kuɗi masu tazara sosai. A 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sun cancanci garatuti, amma maganar cikakken matsayin ma'aikata tana nan ana ja. Yajin aiki ya zama ruwan dare. Na jihar Andhra Pradesh da aka fara a Disamban 2023 ya ɗauki kwana 42. Horon da ake ba sabuwar ma'aikaciya kusan na wata guda ne, kuma kason koyar da yara a cikinsa 'yan kwanaki ne.

Bai dace a karanta wannan a matsayin zargin matan ba. Yawancinsu 'yan ƙauyen ne, sun san kowace uwa da sunanta, kuma da su aka kai rigakafi lungunan da likita bai taɓa takawa ba. An dai ɗora musu kayan da ya fi ƙarfin kai ɗaya, sai suka sauke wanda ba a tambayarsu a kansa.

Yaron da ya iso aji da yunwa

Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2019 zuwa 2021 ya nuna kashi 35.5 cikin 100 na yaran Indiya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Bihar adadin ya haura kashi 40, a Kerala bai kai 25 ba. Kusan biyu cikin kowane yara uku kuma suna fama da ƙarancin jini, abin da ke sa yaro kasala da kasa tsayar da hankali. Don haka masu cewa cibiyar ta fi kama da wurin rabon abinci suna da gaskiya, amma masu amsa musu cewa abincin shi ma darasi ne ba su yi ƙarya ba.

Kuɗin da aka tsayar a 2017 don ciyar da yaro ɗaya a yini shi ne rupi 8, farashin kaya kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Har ƙwai ya zama abin siyasa. Jihohi irin su Tamil Nadu da Odisha suna ba yara ƙwai. A Madhya Pradesh kuwa, a 2015, babban ministan jihar na lokacin, Shivraj Singh Chouhan, ya ƙi amincewa da shawarar sa ƙwai a abincin cibiyoyin wasu gundumomin ƙabilu, saboda aƙidar ƙin cin nama da ƙwai da wasu al'ummomi masu faɗa a ji suke riƙe da ita, alhali iyayen yaran da abin ya shafa suna cin ƙwai in sun samu.

Waɗanda ƙofar ba ta buɗe musu sosai

Ƙauyen Indiya sau da yawa ba dunƙule yake ba, unguwanni ne a warwatse, kuma rabon unguwannin yana bin tsarin gado da ya kasa mutane zuwa manya da ƙasƙantattu tun daga haihuwa. 'Yan Dalit, waɗanda a da ake ƙyamar ko taɓa su, galibi suna gefen gari. Idan aka gina cibiya a unguwar masu ƙasa, tafiyar kilomita ɗaya da tsallaka titi ko rafi ta isa ta hana ɗan shekara uku zuwa, tun ma ba a zo ga yadda za a zaunar da shi ba in ya iso. Idan kuma ma'aikaciyar ce ko mai girkin 'yar Dalit, an sha samun ƙauyukan da wasu iyaye suka janye 'ya'yansu don kada su ci girkinta.

Harshe ma katanga ne. Jihar Odisha kaɗai tana da ƙabilu sama da 60 da doka ta lissafa a cikin Adivasi, wato mazauna ƙasar na asali. Yaron da ya tashi da Santali ko Kui ko Saora yana iya shiga cibiyar da ake waƙa da tatsuniya da Odiya, harshen da bai taɓa ji a bakin uwarsa ba. Jihar ta fara koyarwa da harsunan gida a firamare a 2007, ta kuma fassara manhajar cibiyoyin zuwa wasu harsunan ƙabilu, amma littafi ba ya magana da kansa; sai an samu mai koyarwa da ke jin harshen.

Sai cin rani, wanda mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayaninsa. Bambancin shi ne a can iyali ne ke tashi gaba ɗaya. Bayan girbi, dubban gidaje daga yammacin Odisha suna tafiya wuraren gasa bulo a Telangana da Andhra Pradesh, wasu daga gundumar Beed ta Maharashtra suna tafiya saran rake, su yi kusan rabin shekara. Sunan yaron yana rajistar ƙauye, shi kuwa yana wasa a gefen ramin laka, ko yana goye da ƙaninsa.

Icce tun yana ɗanye: abin da iyaye ke nema

Iyayen karkara ba su raina ilimi ba. Akasin haka ne ma ya haifar da wata matsalar. Manomin da bai yi boko ba yana son ya ga shaida: yunifom, jaka, littafin rubutu cike da haruffan Turanci, aikin gida. In ya leƙa cibiyar gwamnati ya tarar ana waƙa da tafi, sai ya ce wasa ake yi. Saboda haka da zarar ya samu 'yan kuɗi sai ya kai yaron makarantar kuɗi mai araha da ke bakin hanya, inda ake zaunar da 'yan shekara uku a benci suna kwafar abin da ba su gane ba. Rahoton ASER na 2019 ya nuna cewa 'ya'ya maza sun fi samun wannan gata, mata kuma an fi barin su a na gwamnati.

Wani dogon bincike da Jami'ar Ambedkar ta Delhi da cibiyar ASER suka yi a Assam, Rajasthan da Telangana, suna bin yara dubbai shekara da shekaru, ya gano cewa ɓangarorin biyu duk ba su ba yaro abin da ya dace da shekarunsa: a cibiyar gwamnati lokaci mai yawa yana wucewa ba a yin komai, a makarantar kuɗi kuma hadda ce da kwafe. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi yake yi.

Duk da haka, adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Joshua Dean da Seema Jayachandran sun gwada ba yaran talakawa tallafin shiga wasu makarantun reno masu zaman kansu a ƙauyukan Karnataka, suka ga yaran sun yi gaba sosai a gwajin fahimta, ko da yake ratar ta ragu bayan sun shiga firamare, kuma ba a ga canji a ɗabi'ar zama da mutane ba. Wato iyayen da ke biyan kuɗi ba wauta suke yi ba. Sun lura cewa a can akwai babba wanda ba shi da wani aiki sai yaran.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Manufar ilimi ta ƙasa ta 2020 ta haɗa shekara uku na reno da aji ɗaya da biyu ta kira su matakin tushe, daga shekara 3 zuwa 8. Kowa ya yaba da wannan. Saɓanin yana kan wanda zai riƙe yaran.

Masu ra'ayi na farko suna cewa a mayar da koyarwar cikin makarantun firamare, a buɗe azuzuwan balvatika, a ɗauki malamai masu takardar shaida. Hujjarsu ita ce cibiyoyin suna ƙarƙashin ma'aikatar mata da yara, wadda hankalinta yana kan abinci, makarantu kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Masu suka suna amsawa cewa firamaren ƙauye ita ma tana fama da malami ɗaya ko biyu a kan azuzuwa biyar, tana da nisa ga ƙananan ƙafafu, kuma al'adarta ta allo da bulala za ta gangaro kan 'yan shekara huɗu.

Na biyu suna cewa a bar yaran inda suke, a horar da ma'aikaciyar. Wannan ita ce hanyar shirin da gwamnati ta ƙaddamar a 2023 mai taken Poshan Bhi Padhai Bhi, ma'ana ga abinci ga kuma karatu, tare da sabuwar manhajar koyarwa. Rauninta a fili yake: horon 'yan kwanaki yana ƙara mata sani, ba ya ƙara mata sa'o'i a yini.

Na uku suna cewa a ƙara mutum. A nan ne binciken Tamil Nadu ya fi nauyi. A rabin cibiyoyin an ɗauki ƙarin mace ɗaya daga yankin, mai aikin rabin yini, wadda ba ruwanta da rajista ko girki, koyarwa kawai. Lokacin koyarwa ya ninka, yaran suka fi takwarorinsu a lissafi da harshe. Abin da ba a zata ba shi ne tsumburewa da tamowa mai tsanani su ma sun ragu, da alama saboda babbar ma'aikaciyar ta samu sararin kula da lafiya da abinci. A ganin mai wannan sharhi, wannan ce hujja mafi ƙarfi a cikin ukun, ko da yake abin da ya yi aiki a jiha mai tsari ba lallai ya tafi haka a Bihar ko Uttar Pradesh ba, kuma ƙungiyoyin ƙwadago suna da dalilin tambayar ko za a ƙara wani rukunin mata ne masu ƙaramin alawus marasa matsayi.

Akwai kuma masu cewa duk wannan gardama ta makara, domin kafin shekara uku an riga an yi nisa. Suna kafa hujja da gwajin Jamaika na tsakiyar shekarun 1980, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajen yara tsumburarru mako-mako har shekara biyu suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20 aka tarar abin da yaran ke samu ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Da aka gwada irin wannan a ƙauyukan Odisha, an ga tara uwaye rukuni-rukuni yana ba da sakamako kwatankwacin bin gida-gida, da kuɗin da bai kai sulusi ba.

Abin da ke tafe

Alƙaluman shiga aji suna hawa. ASER ta nuna 'yan shekara uku da ke zuwa wata cibiyar reno a karkara sun tashi daga kashi 68 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 77 a 2024, duk da rufewar da korona ta jawo tun daga Maris 2020. Yaran da ake tura wa aji ɗaya kafin su cika shekara shida su ma sun ragu, daga kusan ɗaya cikin huɗu zuwa kusan ɗaya cikin shida, bayan gwamnatin tarayya ta matsa wa jihohi su tsayar da shekara shida a matsayin shekarar shiga.

Wannan gyara yana da nasa nauyin. Ɗan shekara biyar da a da yake zaune a bayan aji ɗaya yanzu zai ƙara shekara guda a anganwadi ko balvatika. Inda jiha ta ƙara ma'aikata, shekarar riba ce. Inda ba ta ƙara ba, yaron zai koma ɗaki ɗaya da 'yan shekara uku, a gaban mace ɗaya mai waya a hannu tana jiran sabis ya dawo, kuma iyayen da ke da hali za su ƙara samun dalilin kai nasu makarantar kuɗi. Tunda biyan alawus da kuɗin abinci raba shi ake yi tsakanin tarayya da jihohi, jihohin da suka fi yawan yara tsumburarru su ne kuma suka fi ƙarancin abin da za su ɗauki mace ta biyu da shi.